Rairayin da Na Zubar

A Gangara kowa Gajere yake ce wa mijina. Ni da na zauna da shi shekara goma sha shida ban taɓa kiransa haka ba, ban kuma taɓa kama sunansa na yanka ba. Malam nake cewa, ya kuwa san da shi nake. Yanzu da ƙasa ta rufe shi zan faɗa sau ɗaya don a sani: sunansa Yahuza, mutumin Damagaram ne, maɗinki ɗan maɗinki. Ya biyo ayari ya zo nan ƙasarmu ta Damargu ana saura shekara guda babbar yunwar nan ta Kakalaba, da niyyar ya yi wata biyu ya koma. Zazzaɓi ya kwantar da shi a gidan ƙanen babana, ayari ya wuce ya bar shi. Ni a lokacin bazawara ce da 'ya ɗaya, ni ce mai kai masa kunu. Abin da kunu ya jawo ke nan.

Tsayinsa iyakar kafaɗata. Ranar ɗaurin aure mata suka ce in riƙa duba ƙasa kada in taka ango. Na ce musu gajere ba yaro ba ne, kuma na san abin da na tsinta. Mutum ne marar hayaniya, ni kuwa Allah ya yi ni da baki, in na fara faɗa har kajin maƙwabta sai sun watse. Yakan bar ni in gaji, sa'an nan ya ce, "Tabawa, miƙo mini zaren nan." Shi ke nan faɗa ya mutu, don mutum ba ya faɗa shi kaɗai.

A Damagaram ɗinkin riguna ya koya, amma Gangara ba garin manyan riguna ba ne. Manomi riga ɗaya gare shi, da ita zai je Idi, da ita zai je suna, ba zai sake wata ba sai ta zama tsumma. Abin da mutanenmu ke nema kullum jaka ce ta rataya, wadda za a zuba gero ko gishiri ko kanwa a je kasuwa a dawo. Ta fata sai mai hali, sanhon kaba kuwa ba ya riƙe ƙananan ƙwayoyi. Sai Malam ya koma ɗinka jakar saƙi, kuma a kanta aka san shi tun daga Falanko har Belbeji.

Ba wani abin mamaki a aikin, kowa na iya kallo ya ce zai iya. Yakan sayi farin saƙi mai kauri, irin mai faɗin tafin hannu, ya yanka guda shida kowanne kamu biyu. Ya jera su gefe da gefe ya haɗa, su zama ƙyalle ɗaya. Ya ninka biyu, ya ɗinke gefen nan da gefen can, ya kalmashe baki, ya ninka wani saƙin uku ya yi maratayi ya kafa shi da ɗinki mai yawa. Zaren ni nake kaɗa masa, in murza biyu a haɗe, shi kuma ya goga masa kakin zuma kafin ya zura a allura. Kwana biyu jaka ta tashi. Inda ya bambanta da sauran maɗinka shi ne abin da yake yi bayan ya gama.

Ba ya ba mutum jaka sai ya gwada ta. Yakan cika ta da rairayi har wuya, ya rataye a reshen aduwar da ke tsakar gidanmu tun hantsi, ya ajiye faifai a ƙarƙashinta. Ba ya komawa kanta sai ya dawo daga sallar la'asar. In ya tarar da rairayi a faifan, ko da na cikin farce ne, sai ya juye jakar, ya nemi inda ta yi yoyo, ya farke layin gaba ɗaya ya sake. Na sha yi masa tsiya a kan wannan. Nakan ce, "Malam, wa ya ce maka mutane rairayi za su kai kasuwa?" Sai ya ce, "Abin da ya riƙe rairayi zai riƙe amana." Mutanen gari duk sun san da wannan gwaji, har in baƙo ya yi shakka sukan ce ya je ya duba reshen aduwa ya ga yadda igiya ta cinye shi. Ba shi da gonar kirki, ba shi da raƙumi, ba shi da dangi a nan. Wannan suna shi ne duk abin da ya mallaka.

Shekara goma bayan Kakalaba yanar ido ta fara rufe masa gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni na riga kowa lura. Da fari zura zare ya gagare shi, na riƙa zura masa allura biyar in soke a hularsa tun da safe. Daga baya ya riƙa kawo ɗinki dab da hanci, yana bin hasken rana daga wannan gefen gida zuwa wancan. A waje ba wanda ya sani, don ya san hanyar masallaci da ƙafa, kuma yana gane mutane da murya. Ni ba zan iya taya shi ba. Ɗinkin tufa aikin maza ne, ba a koya mana ba, kuma ko na saci hannu na sa, yatsunsa za su gane ɗinkin da ba nasa ba.

Akwai wata jaka da ya yi wa wani mai sayar da gishiri. Sau uku yana rataye ta, sau uku faifai na tara rairayi, sau uku yana farkewa. Yatsunsa duk suka huje da allura. Ya daina cin abinci, ya zauna a gindin aduwa da jakar a cinya yana shafa ɗinkin. Ni da na saba ganin mutumin nan ba abin da ke girgiza shi, sai na ji tausayinsa ya hana ni sukuni. Karo na huɗu ya rataye ta ya tafi la'asar. Na leƙa faifai, na ga rairayi kamar cikin tafin jariri, ya zubo ya toshe kansa ya tsaya. Na jira har na ji an sallame salla. Na ɗauki faifan na zubar a bayan rumbu, na hure shi tas, na mayar inda yake.

Ya shigo ya tsuguna, ya shafa faifai da tafin hannu, ya sake shafawa. Na ga fuskarsa ta saki. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe hannun na nan." Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari, ni kuwa na ji kamar na yi aikin lada. Abin da ya ɓata ni ke nan, da na ji ciwo a ranar da ban sake ba. Daga nan duk jakar da ta yi yoyo ni ke riga shi zuwa faifai. Ina gaya wa kaina ɗan rairayi ne, ba wanda zai mutu a kansa.

Manzo maƙwabcinmu ne kuma amininsa, manomi ƙato mai murya kamar ana kiran shanu. Su biyu da wasu dattawa biyu suke haɗa akushi a ƙofar gidanmu kullum, kowa matarsa ta kawo nata a ci tare. Wata damina fara ta cinye geron gabashin gari, gidaje da yawa sun daka irinsu sun sha, har da gidan Manzo. Da shekara ta zagayo, ana gab da faɗuwar ruwa, ya shigo ya ce, "Gajere, ka yi mini jaka mai cin tiya huɗu. Surukina a Belbeji ya ajiye mini iri, mai saurin nuna. Shi ke nan abin da nake da shi bana, shi ya sa ban yarda in zuba shi a ta kowa ba sai taka."

Malam ya yi kwana huɗu a kanta maimakon biyu. Ranar gwaji ya rataye ta ya tafi salla. Da na duba faifai na tarar rairayin ya cika tafin babban mutum, ban taɓa ganin mai yawansa ba. Na daɗe tsaye. Na san abin da za a zuba a jakar, da kunnena na ji. Amma Manzo da asuba zai kama hanya, ba lokacin farkewa, kuma in Malam ya ga wannan zai gane duk abin da nake ɓoye masa. Sai zuciya ta kawo mini dabara, ta ce ƙwayar gero ta fi ta rairayi girma, ramin da rairayi ya bi gero ba zai bi ba. Na karɓi maganar don ita nake so in ji. Na zubar, na hure, na mayar.

Manzo ya tafi a ƙasa, kwana biyu. A dawowa ya samu wani Buzu saninsa mai zuwa kasuwar Gangara ya ɗauko shi a raƙumi, suka ɗaure jakar a bayan sirdi. Ruwan shuka ya sauka suna hanya, Manzo na ta murna yana lissafin gobe zai fita da sungumi. Da suka sauka a ƙofar gidansa ya kwance jaka, ya ji ta kamar ba komai. Girgizar raƙumi ta buɗe ɗinkin da ke tsakanin saƙi biyu wajen kusurwa, yatsa na shiga. Abin da ya rage a ciki bai kai rabin tiya ba.

Bai zo gidanmu ba, ƙofar mai gari ya wuce da jakar a hannu, aka aiko kiran Malam. Na bi bayansa na tsaya cikin mata a jikin darni. Manzo bai ɗaga murya ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "Ni ba biya nake nema ba, ba shi da abin biyana. So nake a sani. Mutumin nan ya ce mini ya gwada ta, ga ta nan, kowa ya sa yatsa."

Malam ya karɓi jakar ya shafa har ya samu ramin. Ya ce, "Ɗinkina ne. Amma na gwada ta, Manzo. Tun hantsi har la'asar, faifai ko ƙwaya."

Wani daga bayan taro ya ce jakar da yatsa ke shiga ba za ta riƙe rairayi yini guda ba, sai dai in rairayin Gajere dunƙule yake kamar fura. Aka yi dariya. Ban taɓa ganin Malam ya fusata ba sai ranar. Ya ce a kawo Alƙur'ani. Liman ya ce, "Malam Yahuza, bar wannan. Ba wanda ya nemi ka rantse, tsautsayi ne, a yi haƙuri." Ya ƙi. Ya nemi buta ya yi alwala a gaban jama'a, ya ɗora hannu ya rantse cewa ya cika jakar da rairayi, ya rataye ta yini, ya shafa faifai da hannunsa bai samu komai ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ni kaɗai a wurin na san haka, ina tsaye taku goma daga inda yake, da wannan bakin nawa da bai taɓa jin tsoron kowa ba. Na ja mayafi na rufe shi. Tsoron dariyar mata na ji, da tsoron ya juyo ya dube ni. Ba ni da wani dalili da ya wuce wannan.

Bayan kwana bakwai gero ya tsiro a hanyar Belbeji, siririn layi kore yana bin sawun raƙumi, a ɓace nan a ɓullo can. Masu zuwa kasuwa suka kawo labari. Mutanen Gangara ba sa barin abin tsiya ya wuce, suka ce Gajere ya yi gonar da ta fi kowace tsawo a Damargu, sai dai a yi mata noma a kan raƙumi. Awaki suka cinye ta kafin ta kai idon sawu. Manzo ya bi gida-gida aka tara masa iri tafi-tafi, gauraye, ya shuka a makare. Abin da ya girbe bai kai shi tsakiyar sanyi ba. Ya kai iyalinsa gidan dangi a Falanko, shi ya yi kudu cin rani.

Ana cikin kaka idon Malam ya rufe gaba ɗaya. Ni na san shekara biyu yana zuwa a hankali, amma gari bai sani ba. Abin da gari ya gani shi ne mutum ya dafa Alƙur'ani da damina, ya makance da kaka. Aka ce rantsuwa ta kama shi. Dattawan nan biyu suka janye akushinsu ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce ciwon ƙafa, wancan bai ma nemi dalili ba. Aka daina kiransa shaidar aure. A masallaci in ya tsaya a sahu sai ya ji wuri ya yi masa yawa dama da hagu. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, shi ya sha dukan.

Da bazara ya fara azumi, kwana uku ya huta, ya sake kwana uku, cikin zafin da ko jaki ba ya son fita. Wata rana da azahar ina kaɗi a gindin aduwa, leɓɓansa duk sun tsage, na ce azumin me yake yi haka. Ya ce, "Kaffara. Na yi ta tunani, Tabawa. A da na tabbata na shafa faifan. Yanzu ban sani ba. Wataƙila na manta ban gwada ba, na je na dafa littafin Allah a kan ƙarya. Mutane duka ba za su haɗu a kan kuskure ba."

Na jure ganin gari ya ƙaryata shi, amma da na ji shi da kansa ya fara ƙaryata kansa, sai mazari ya faɗi daga hannuna. Na gaya masa komai, tun daga jakar mai gishiri. Na so ya zage ni, na so ya ɗauki sandarsa ya laluba inda nake. Bai yi ko ɗaya ba. Sai ya ce, "Jaka nawa?"

Na ce, "Bakwai, har da ta Manzo."

Ya ce, "To shida na hannun mutane, suna zuba abincinsu a ciki. Kin san masu su?"

Na ce na sani. Na ce kuma yanzu zan tafi ƙofar mai gari in faɗa wa duniya. Ya ce, "Ba za ki ba. Ni an riga an raɗa mini suna, ya zauna. Ke kina da rijiya da za ki je kullum, kina da 'ya a gidan miji. In aka ce uwarta ce ta sa miji ya yi rantsuwa a banza, da wane ido za ta dubi surukanta? Ban yarda ba, ina raye." Na yi gardama, na yi kuka, ya ce in kawo masa ruwa ya karya azumin. Na bi maganarsa, kuma ba zan ɓoye ba, can cikin raina na ji sauƙi da ya hana ni. Wannan sauƙin ya fi komai ci mini rai yanzu.

Washegari muka fara yawo, ina gaba riƙe da kan sanda yana baya riƙe da gindinta. Mun je Falanko, mun je ƙauyuka uku a kan hanyar Tanut. Duk ƙofar da muka tsaya magana ɗaya yake yi: "Jakar da na yi maka ɗinkinta ba shi da kyau. Ba ni in gyara in dawo maka da ita." Kowa ya ji haka sai ya gyaɗa kai, wato ga shi ya amsa laifinsa da bakinsa. Ina tsaye ina ji. Ya sake ɗinka su da lalube, yana auna tazarar allura da farcen babban yatsa, jaka ɗaya sai ta ci masa kwana ashirin. Ni ke duba faifai, in ta zuba in ce ta zuba, ya farke. Biyar muka gyara muka mayar. Ta shida wani makiyayi ya yi arewa da ita, duk wanda ya fito daga can sai Malam ya tambaye shi, ba a taɓa samun labarinta ba.

Ya rasu shekara uku bayan rantsuwar, ciwon ƙirji na kwana tara. Waɗanda suka raka shi ba su cika sahu biyu ba. Da na fita takaba na tafi gonar Manzo na same shi yana sassabe, na tsaya a kunya na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya jingina da gatarinsa ya dube ni. Ya ce, "Sai yanzu, Tabawa? Shekara uku ina zagayawa ta bayan gari don kada in bi ta ƙofarsa. Ya yi mini sallama a bakin rijiya na yi kamar ban ji ba. Yanzu wa zan je in ba haƙuri?"

Ban nemi ya yafe mini ba, don ba shi ne na fi zalunta ba. Ranar Juma'a Manzo ya tashi bayan salla ya faɗa wa jama'a abin da na gaya masa. Wasu suka yarda. Da yawa suka ce Allah sarki, mace ce ke son wanke mijinta, ai ko ƙarya ta yi Allah zai duba niyyarta, har wata tsohuwa ta zo ta yaba mini. Na rantse musu, suka ce gidan nan dai ba a raba su da rantsuwa. Har yau a Gangara in jaka ta yi yoyo, ko ƙwarya ta tsage, ko mutum ya yi alkawari ya saɓa, sai ka ji an ce ɗinkin Gajere. Yaran da ke faɗa ba su ma san shi ba, kuma a gabana suke faɗa.